Motar Da Ba Ta Iya Komawa Gida Ba Ta Ci Tsere Ba

Tun daga 2005, mujallar Hot Rod ta Amurka take shirya wata gasa mai suna Drag Week, wadda ƙa'idarta ta fi tserenta wuya. Kwana biyar ake yi ana tsere a filaye huɗu da ke garuruwa daban-daban, ranar ƙarshe a koma filin da aka fara. Tsakanin filayen akwai tafiyar kimanin mil 1,000, wato kilomita 1,600, kuma motar da ta yi tsere da safe ita ce za ta hau titi da yamma da ƙafafunta, da lambarta da inshorarta da fitilunta. Ba a ɗora ta a kan babbar mota, ba a kuma yarda motar kanikawa ta biyo bayanta ba. Abin da aka yarje wa direba kawai shi ne 'yar tirela da zai ja, ya zuba tayoyin tsere da kayan aiki. Wanda giyabos ɗinsa ya ƙone a gefen hanya, ko dai ya gyara shi a nan kafin gari ya waye, ko ya fita daga gasar.

A wannan gasa ce Larry Larson ya yi nasara sau biyar a jere, daga 2008 zuwa 2012, da wata Chevrolet Nova ƙirar 1966. A cikinta ne kuma, a 2019, Tom Bailey ya cinye rubu'in mil, wato mita 402, cikin daƙiƙa 5.998, yana gudun mil 250 a awa ɗaya, da motar da aka ƙera a siffar Camaro ta 1969. 'Yan kallo ƙarfin injin suke fara tambaya. Masu aikin kuwa sun san cewa galibin tsofaffin motocin da ake gyarawa don tsere ba rashin ƙarfin inji ne ke kayar da su ba. Abin da ke kayar da su yana tsakanin injin da ƙasa: kuloci ko konbata, giyabos, farfela, aksil ɗin baya da taya, waɗanda a dunƙule za a iya kira sarƙar isar da ƙarfi.

Saboda haka duk wanda zai gyara irin wannan mota don tsere, yana kuma son ta ci gaba da hawa titi bisa doka, ya kamata ya fara kashe kuɗinsa daga baya, ya zo kan inji a ƙarshe. Ya kamata kuma ya ɗauki sharaɗin hawa titi a matsayin ma'aunin ingancin aikinsa, domin shi ne ke tona asirin aikin ganin ido.

Asalin motocin ƙwanji

Motocin da Amurkawa ke yi wa laƙabi da motocin ƙwanji zamaninsu gajere ne. Akasari ana ƙirga shi daga 1964, lokacin da kamfanin Pontiac ya ɗauki babban inji mai silinda 8, mai girman lita 6.4, ya dasa shi a matsakaiciyar mota, ya sa mata suna GTO. Sauran kamfanoni suka bi sahu. Chrysler ya fito da injin Hemi na lita 7 don motocin titi a 1966, mai ƙarfin doki 425 a rubuce. A 1970 Chevrolet ya fitar da Chevelle SS mai injin lita 7.4 da ƙarfin doki 450. Daga nan kiɗa ya sauya. Kamfanonin inshora suka tsawwala kuɗi, dokar tsabtace iska ta 1970 ta matsa wa masu ƙera injuna, takunkumin man fetur na 1973 ya ƙarasa abin da ya rage.

Duk da sunan da suka yi, mafi saurin waɗannan motoci daƙiƙa 13 zuwa 14 suke ɗauka a rubu'in mil yadda suka fito daga masana'anta. Tayoyinsu sirara ne, ba sa kama ƙasa. Da an taka totur sai su yi ta juyawa a wuri ɗaya suna hayaƙi. Wannan rauni shi ne ya riƙa kare sauran kayan. Tayar da ke zamewa tana zubar da ƙarfin da zai iya karya aksil, kamar yadda fis ke ƙonewa don kada wayar gida ta kama da wuta.

Akwai dalilin doka da ya sa har yau tsofaffin suke da farin jini wurin masu gyara. A jihar Kalifoniya, wadda ta fi kowace jiha tsanani kan hayaƙin mota, motocin fetur ƙirar 1975 zuwa baya ba sa zuwa gwajin hayaƙin da ake yi wa sababbi. Dokoki sun bambanta daga jiha zuwa jiha, amma a ko'ina tsohuwar mota ta fi sabuwa ba mai ita sararin taɓa ta.

Ƙarfi ya yi araha, sarƙa ba ta yi ba

A yau bakanike zai iya sayen injin Chevrolet na dangin LS da aka ciro daga motar da ta yi haɗari, ya ɗaura masa tarbo, ya sami ƙarfin da ya ninka na Hemi da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Nan ne tarkon yake. Ƙarfin murɗawar da inji ke fitarwa ba ya isa taya yadda ya fito, ana ninka shi a kowane mataki. A lokacin tashi, konbata ta giyabos mai sarrafa kansa tana ninka shi kusan sau 2. Giya ta ɗaya a shahararren giyabos na Turbo 400 tana ninka shi sau 2.48. Giyar aksil irin wadda masu tsere ke so tana ƙara ninka shi sau 4.10. Idan aka haɗa lissafin, sandunan aksil biyu suna karɓar abin da ya kai ninki 20 na murɗawar injin, kuma a bugu ɗaya, cikin ƙiftawar ido.

Wanda ya ƙara wa injin ƙarfi, ya kuma sa tayoyi masu danƙo, ya cire fis ɗin nan ke nan. Ƙarfin da a da yake tashi a hayaƙi yanzu sai ya nemi wuri mafi rauni a sarƙar, kuma ba ya kuskure. Shi ya sa tsarin aikin da hankali zai ɗauka yake farawa daga aksil.

Aksil da tambayar kwana

Aksil ɗin da ya fi kowane shahara a wannan fage shi ne na Ford mai inci 9, wanda kamfanin ya ƙera daga 1957 zuwa 1986, kuma har masu Chevrolet da Dodge suna sa shi ba tare da jin kunya ba. Dalilai uku ne suka ɗaukaka shi. Ƙaramar giyarsa tana da ƙarin boris a bakinta da ke hana ta kaucewa idan nauyi ya hau ta. Cibiyarsa tana fitowa gaba ɗaya ta gaba, don haka ana iya sauya giya cikin 'yan awoyi. Sannan sandunansa a ɗaure suke daga bakin taya. Wannan na ukun shi ne ya shafi rai. A aksil ɗin Chevrolet na wancan zamani, wani ɗan ƙarfe mai siffar kofaton doki ne ke riƙe sandar daga can ciki; idan sandar ta karye, babu abin da zai hana taya ficewa da guntun da ya rage mata, motar kuwa tana cikin gudu. Aksil ɗin Dana 60 da Chrysler ya sa wa motocin Hemi masu giyar hannu ya fi girma da ƙarfi, sai dai ya fi nauyi.

Bayan ƙarfi sai tambayar kwana. Idan mota tana shan kwana, tayar waje ta fi ta ciki doguwar tafiya, shi ya sa ake da giyoyin rabo a tsakiyar aksil. Mai tseren miƙaƙƙiyar hanya ba ya buƙatarsu. Abin da ya fi masa arha da ƙarko shi ne ya cire su ya sa dunƙulen ƙarfe da zai haɗe tayoyin biyu su zama abu ɗaya. A fili wannan daidai ne. A titi kuwa, kowace kwana sai taya ɗaya ta ja ƙasa, sandunan suna murɗuwa kaɗan-kaɗan har su gaji, idan kuma an yi ruwa bayan motar yana iya wuce gabanta ba tare da sallama ba. Motar da za ta koma gida tana buƙatar na'urar da ke kulle tayoyin idan an taka totur ta kuma sake su a kwana, ko wadda ke taƙaita zamewa da 'yan faifan kuloci. Sun fi tsada, kuma ba su kai dunƙulen ƙarfe juriya ba. Wannan shi ne farashin farko na zama a titi, kuma ya cancanci a biya shi, domin titi ba na direba shi kaɗai ba ne.

Lissafin giya

Giyar aksil mai ninki 4.10 tana sa mota ta zabura kamar an harba ta daga gwafa, amma tana da haraji. Da taya mai tsawon inci 28, da giyabos wanda giyarsa ta ƙarshe take juyi ɗaya da inji, motar da ke gudun kilomita 113 a awa injinta yana juyi kusan 3,450 a minti. Awa biyar a haka ƙara ce da zafi da shan mai da cin inji. Da giyar 3.08 irin ta motocin gida, juyin zai sauko kusa da 2,600, amma tashin ya mutu. Taura biyu ba ta taunuwa, in ji masu iya magana, kuma shekaru da dama haka masu waɗannan motoci suka haƙura suka zaɓi ɗaya.

Abin da ya warware matsalar shi ne ƙarin giya ta sama, wadda ke sa farfela ta fi inji saurin juyi. Giyabos na 4L80E, wanda General Motors ya fitar a farkon shekarun 1990, jikan Turbo 400 ne: giyoyinsa uku na farko iri ɗaya ne da na kakansa, sai ta huɗu mai ninki 0.75. Idan aka haɗa ta da 4.10, sakamakon ya zama kamar 3.08. Wasu kuma suna barin tsohon giyabos ɗinsu su ɗaura masa ƙaramin akwati na kamfanin Gear Vendors mai ninki 0.78 a bayansa, kuma da yawa daga motocin Drag Week da shi suke cin dogon zango. Wannan ƙarin nauyi ne da ba ya rage ko ɗigon daƙiƙa a fili. Amfaninsa duka a hanyar komawa yake.

Akwai abin da ake yawan mantawa a nan. Giyar sama tana hutar da inji, amma ba ta hutar da farfela. Ita tana nan tana juyinta na 3,450, a ƙarshen tsere kuma tana haura 6,000. Doguwar farfela ta asali, da mahaɗanta da suka shekara hamsin, ba a yi su don haka ba. Idan mahaɗin gaba ya tsinke, farfelar tana faɗuwa ta caki kwalta, ta ɗaga bayan motar sama. Zoben ƙarfen da ake kewaye ta da shi kusa da wannan mahaɗi yana daga cikin kaya mafi arha a motar, kuma babu wanda ya fi shi muhimmanci ranar da abin ya faru.

Konbata da zafi

A nan ne fili da titi suka fi saɓani. Konbata tukunyar mai ce tsakanin inji da giyabos, inda fanka ɗaya ke watsa wa ɗaya mai ta juya ta. Ta masana'anta tana kama motar sosai tun injin bai kai juyi 2,000 ba. Injin tsere kuwa ba ya nuna ƙarfinsa sai ya haura 3,500 ko 4,000, saboda haka ake sa masa sakakkiyar konbata da za ta bar shi ya hau can kafin motar ta motsa. Sakakkiyar konbata tana zamewa, zamewa kuma zafi ce. A tseren daƙiƙa 11 zafin ba ya samun lokacin taruwa. A hawan tudu da tirela a baya, ko a cunkoson gari da tsakar rana, man giyabos yana dahuwa har ya ƙone faifan da ke ciki.

Abin lura shi ne maganin da aka yi wa matsalar giya yana ƙara wannan ciwo: da aka sauko da juyin inji zuwa 2,600, an ajiye shi a ƙasa da inda sakakkiyar konbata ke kamawa. Mafita ita ce konbata mai kuloci a ciki, wanda ke haɗe ɓangarorin biyu idan an miƙe hanya, tare da lagireto na musamman don man giyabos. Wannan misali ya isa ya nuna cewa kayan ba sa sayuwa ɗaya-ɗaya daga kundin talla. Tsawon taya, ninkin aksil, giyoyin giyabos, sakin konbata da halin injin lissafi ɗaya ne. Wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka.

Haka abin yake a zaɓin giyabos. Powerglide mai giya biyu kacal, wanda Chevrolet ya fara sayarwa a 1950, ya zama sarki a filayen tsere saboda rashin nauyi da sauƙin bugunsa a tashi. Ya dace da mota marar nauyi mai ƙarfin da ya fi ƙarfin tayarta. A Chevelle mai nauyin fiye da tan ɗaya da rabi da matsakaicin inji kuwa, kwaikwayon zakaru ne kawai, kuma a gari azaba ce.

Ƙafa sittin na farko

Takardar da ake miƙa wa direba bayan tsere tana ɗauke da lambobi da dama, amma gwanaye lambar ƙafa 60 na farko suke fara dubawa, wato mita 18. Abin da aka saba faɗa a tsakaninsu shi ne duk kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa da aka rage a nan yana rage kusan ninkinsa a ƙarshe. Wannan lamba aikin taya ce da sifirin. Tayoyin tsere marasa zane haramun ne a titi. Akwai masu ɗan zane da ke ɗauke da tambarin ma'aikatar sufuri ta Amurka, halal ne a doka, amma ba su da kirki a ruwan sama, kuma mai hankali yana sauya su a bakin fili. Motoci masu sifirin ganye, irin su Camaro da Mustang da Road Runner, sifirinsu kan lanƙwashe a tashi ya sake, taya ta riƙa tsalle, kuma wannan tsalle ya karya aksil da yawa da ƙarfin inji bai karya ba. Sandunan da ke hana shi da shokozoba masu kyau ba su kai kuɗin tarbo ba, amma sau da yawa sun fi shi rage lokaci.

Inda ya kamata a tsaya

Ƙungiyar NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a 1951 yana editan Hot Rod, ta daɗe tana ɗaure dokokin tsaro da saurin mota. Ga tsohuwar mota, daga daƙiƙa 13.99 sai da hular kwano. Daga 11.49 sai da sandar ƙarfe a bayan direba. Daga 10.99 sai da sandunan aksil na musamman da abin da zai hana su ficewa. Daga 9.99 sai da cikakken keji da lasisin tsere, daga gudun mil 150 a awa kuma sai da laimar tsayawa. Kowane mataki yana nisanta motar daga titi. Kejin da ke ceton mai hular kwano a fili, shi ne ƙarfen da kan fasinja marar hula zai daka a ƙaramin karo a gari. Ga yawancin masu wannan sha'awa, motar daƙiƙa 11 ko 10 da ke tashi kowace safiya ta fi motar daƙiƙa 8 da ke da lamba don cika sharaɗi kawai. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Masu suka da hujjojinsu

Masu adana tarihi suna cewa wannan ɓarna ce, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. A 2014 an sayar da wata Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi a kan dala miliyan 3.5, kuma darajar irin waɗannan motoci tana rataye ne a kan injinsu da giyabos ɗinsu su kasance na asali, lambobinsu sun dace da na shasi. Yanka irin wannan mota asara ce da ba ta da magani. Amma an ƙera dubban ɗaruruwan 'yan uwansu masu ƙananan injuna, waɗanda ba don masu tsere ba da tuni tsatsa ta cinye su. Iyakar da ta dace ita ce a bar nadiran a yadda suke, a sauran kuma a fifita abin da noti ke ɗaurewa a kan abin da walda ke yankewa. Aksil da giyabos na asali suna iya jira a lungun gareji. Ƙasan motar da aka yanke don faɗin taya ba ya dawowa.

Wasu kuma suna cewa wahalar banza ce, tunda a 2018 Dodge ya sayar da Challenger Demon mai ƙarfin doki 840 da ke yin daƙiƙa 9.65 daga shago. To amma abin da injiniyoyin Dodge suka yi wa motar shi ne hujjar da ake kafawa a nan: sun ƙarfafa farfela da sandunan aksil, sun sauya konbata, sun sa mata tayoyin tsere masu halaccin titi tun daga masana'anta. Kamfani mai ɗakunan gwaji ma ta nan ya bi.

Suka mafi nauyi ita ce ta masu tsere zalla, waɗanda ke cewa fitila da salansa da giyar sama da babban lagireto nauyi ne, kuma kowane kilo 45 yana cin kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Haka ne. Sai dai motar da ake kai wa fili a tirela tana aiki ne daƙiƙa goma-goma, kuma aibinta yana iya ɓuya shekara guda. Mil 200 a titi yana fallasa karkacewar farfela da ƙarancin sanyaya da wayar da ba a ɗaure da kyau ba. Bayan haka, motar tirela tana buƙatar tirela da babbar motar ja da wurin ajiye su. Ma'aikacin da ke da mota ɗaya da gareji ɗaya, wanda da irinsa aka fara wannan wasa, ba shi da hanyar shiga sai da motar da za ta kai kanta.

Saura gargaɗi ɗaya. Halaccin hawa titi izini ne na tafiya fili da dawowa, bai zama izinin tsere a titi ba. Don raba matasa da tseren titi aka kafa NHRA tun farko. Wannan rabuwa tana buƙatar filaye, filayen kuwa suna raguwa: na Englishtown a jihar New Jersey ya daina tseren rubu'in mil a 2018, na Bandimere kusa da Denver ya rufe a 2023. Duk filin da ya rufe yana tsawaita tafiyar mai gaskiya, yana kuma ƙara wa marar haƙuri uzuri. Idan fili mafi kusa ya koma tafiyar awa uku, giyar sama da lagireton man giyabos da aksil mai shan kwana lafiya su ne za su sa mai tsohuwar Chevelle ya iya zuwa ya gwada ta inda akwai katanga da motar asibiti, ya kuma kwana a gidansa.